Sojan da Ya Ari Sunan Ƙanensa

A Korgom, in ka ce Cha'ibu mai rijiya, ko yaro zai kai ka gidan. Shekara goma sha biyar yana haƙa, har ƙauyukan Mayahi inda sai a yi zurfin gaba talatin ba a ga danshi ba. Shi ne ɗan fari a wurin Zara'u, don haka tun da ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, alkunya ta hana. "Kai wanga," shi ne kiransa. Autanta Lamine kuwa, sunansa ba ya fita bakinta, kamar goro.

Lamine soja yake so. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya haɗa takardunsa cikin leda yana jiran a buɗe ɗauka, kafin nan yana taya wansa aiki. Wata Laraba a wani ƙauye kusa da Urafane, Cha'ibu ne ke da shiga rami, sai baya ya riƙe masa. Ya ce wa Lamine, "Shigam mini yau." Shi ya ɗaura masa igiya, shi ya zura shi. Kafin azahar rairayi ya rufta. Sai da aka kwana biyu aka fito da yaron.

Ba wanda ya ɗora masa laifi, kowa cewa yake kwana ya ƙare. Amma faɗa wa tafin hannunsa haka mana. Ko tuwo yake ci, sai ya ji igiyar nan da ya yi ta ja ta ƙi motsi.

Mutuwar ba ta je ofishin kowa ba, liman da maƙwabta kawai suka sani. A takarda Lamine na nan da ransa, shekara ashirin da uku. Da aka buɗe ɗaukar soja, Cha'ibu yana da talatin da huɗu, ya wuce ƙa'ida da nisa. Ya aske gemu, ya yi wa kansa ƙwal, ya ɗauki ledar nan. A ganinsa, tunda shi ya tura yaron rami, shi zai kai sunansa inda ya so zuwa.

Zara'u ba ta hana shi ba. Ta ce, "Kai wanga, na yi zaman makokin Lamine sau guda. Kak ka sa ya mutu mini sau biyu."

A bariki kuwa ya sha dariya. Yara sa'o'in ƙanensa suka sa masa Tsoho. Wajen gudu gwiwa ta tona masa asiri, amma in aka ce a haƙa ramin fakewa, sai su tsaya kallo. Sarjan ya taɓa ƙare masa kallo ya ce, "Kai, ashirin da ukun ga taka, ban da shekarun fari ka ƙirga ko?"

"Wahala ce, shef," in ji Cha'ibu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ƙarfinsa kiran suna ne da safe. Ranar farko da aka ce "Lamine Mamman!" waiwayawa ya yi yana neman yaron, sai da na kusa ya zungure shi. Daga baya ya iya amsawa, amma tsoro bai bar shi ba, don wani lokaci sai ya ji kamar murya biyu ce ta amsa, ɗaya daga ƙarƙashin ƙasa.

Shekara shida ya yi a bakin daga, ya binne abokai, shi Allah ya tsare shi. Ya riƙe alkawarin tsohuwa kamar yadda ya so a ce ya riƙe igiya.

Da ya zo hutu bana, matarsa Bintu ta tare shi a zaure. "Inna ta fara ruɗewa, ka bi ta sannu."

Ya same ta a inuwar rumbu, ido ya tafi. Ya durƙusa, ta shafa kakin, ta shafa maɓallan ɗaya bayan ɗaya, fuskarta ta washe.

"Lamine, kai ne? To alhamdu lillahi, gurinka ya cika." Sai kuma ta ce, "Ka biya kushewar wanka? Cha'ibu. Cha'ibu nawa. Rijiya ta cinye mini shi, ban taɓa kiran sunanshi ba ko sau guda."

Shekara arba'in yana jiran wannan kira, yau ya ji shi, daɗi da baƙin ciki suka zo masa lokaci ɗaya. Ya buɗe baki zai ce ga ni. Amma in ya faɗa, Lamine zai sake mutuwa a gabanta, kuma shi ne zai sake zura shi.

"Lamine, ba ka ji na?"

Ya riƙe hannunta. "Na'am, Inna."