Jan Goron Altine

Altine ta Dandin Mahe, mai sayar da albasa, ta mutu da busasshen jan goro ƙulle a bakin zanenta. Mu da muka yi mata wanka mu muka gani.

Bayan 'yancin kai ne agana ta ɓulla a ƙasar Shagari. Mutane na ɓoye majinyata a rumbu, gudun kada a kai su bayan gari. Masu lamba, wato masu yin rigakafi, kaɗan ne, sai inda cutar take ake tura su. Sai ga Malam Sodangi, ma'aikacin lafiya daga Sakkwato, da dabararsa. Ya zuba goro a rufaffiyar ƙwarya, rabi fari rabi ja. Mutum zai zura hannu, ya duba shi kaɗai. In fari ne, ya faɗi gaskiya: akwai mai agana a gidansa? In ja ne, dole ya ce "akwai". Ka ga ba mai sanin asirin wani.

"Ba zan ce gida kaza ba ne," in ji shi. "Zan ce yawan gidajen masu cutar tsakanin kaza da kaza ne, gaskiya tana ciki."

Dabara kam ta yi, amma kash! Wa zai buɗe baki ya kira wa gidansa agana? Baki shi ke yanka wuya. Duk wanda ya ɗauko ja, sai ya ce "babu", ya fice yana tofi.

Altine kuwa ɗiyarta Saratu na kwance cikin rumbu, jiki duk ƙuraje. Ta zura hannu, ja ya fito. Ga dama ta samu, ta faɗi gaskiya ba mai zarginta. Ta ji tsoro, ta dunƙule goron ta ce, "Babu."

Malam Sodangi ya buga lissafi, ya sake bugawa. "Ko kowa lafiya lau yake, ai kusan rabi za su ce akwai. Amma a garinku, tsakanin kaza da kazan nan, farkonsa da ƙarshensa, ya faɗa ƙasa da babu. Ban taɓa ganin haka ba."

Tun da lissafi bai nuna agana ba, aka wuce da masu lamba Sifawa. Kafin kaka, tabarmar da ake kai gawa ta tsufa. Har da Saratu aka kai a cikinta.

Altine ta rayu har gashinta ya yi fari. Kullum in ta wuce ta bakin rumbun nan, wanda ba a sake zuba hatsi a ciki ba, sai ta tsaya, ta taɓa ƙullin zanenta, ta ce a hankali, "Akwai."