Rifkatu ta kawo kakarta aji

"Malam, ga nawa," in ji Rifkatu, ta shigo riƙe da hannun kakarta.

Littafin wata yarinya Musulma 'yar gudun hijira nake koya wa 'yan aji biyar a nan Madakiya, inda yawanci Kiristoci ne. Na ce kowa ya zo da abu ɗaya da zai ɗauka in gudu ya kama shi. Wani ya kawo ƙwallo, wata ta kawo caja babu waya.

Ganin tsohuwar, na ɗauka ƙara ta kawo. Shekara shida ke nan da aka jefo ni nan daga Gusau, kuma hedimasta ya ja mini kunne: iyaye na kawo ƙara, za a janye littafin.

Mama ta bi tebur-tebur tana duba kaya. Ta ɗaga ƙwallon. "Wannan za ka dafa a daji?" Aji ya ɗauki dariya.

Sai ta juyo kaina. "Ticha, yarinyan littafinka ya ɗauki bargo?"

"A'a, Mama, hoton babanta ta ɗauka."

"Kayya. Mu lokacin rikici kwana uku muka yi kan dutse da maƙwabtanmu Hausawa, bargo ɗaya. Karanta mini, in ji ko ya kai lafiya."

Ta zauna a kujerata, ni na yi darasi a tsaye. Babi biyu ta sa na karanta, kuma wai Laraba ma tana nan tafe.

Kun saba jin ƙorafina kan garin nan, yau kam bakina ya mutu. Na ba Rifkatu goma bisa goma. Ku nawa za ku ba ta?