Kwalaben da Yayata Ta Wanke

Autata ce ta kawo kwalaben gidanmu na Zuru, shekarar da ta dawo daga jami'a da aikin bincikenta. A jikin wani ruɓaɓɓen kututturen ɗorawa, hanyar Manga, ta ɓallo wani naman kaza, irin jan nan mai tauri da tsofaffinmu ke dafa wa mai tari. Ina soja na taɓa ganinsa busasshe a shagon wani ɗan Sin a Laberiya, amma renonsa cikin ruwa sai a wurinta na gani.

Ta ce ba naman take so ba. Zarensa ne ke sakin wani yauƙi a ruwa, kamar na kuɓewa, kuma a cikin yauƙin maganin yake. Ta gwada ciyar da shi da ruwan masara, ta gwada na gero, daga baya ta gane ya fi sakin yauƙi a ruwan dawa mai ɗan tsami. Kwalbar da ta fi kauri, daga ita take ɗibar iri ta zuba a sabuwa. Ana haka aka ƙone kututturen wajen sharar gona, irin ya rage a kwalabenta kaɗai.

Dole a riƙa girgiza su, in ba haka ba zaren ya shaƙe. Tana da ɗan inji, amma in an ɗauke wuta ni ne injin.

"Baba, a hankali, ba fareti ake yi ba."

"Ko kwamandana bai matsa mini haka ba."

Da ciwo ya kwantar da ita a asibiti, abin da ta riƙa maimaita mini shi ne, "Baba, kada ka bar su su tsaya." Ban bar su ba, har ranar da ta rasu.

Mu Lelna, mutanen ƙasar Zuru, tun kafin coci ya zo, tukwane muke jera wa mamaci a kan kabari, don a san wanda ke kwance. A Labanan, inda nan ma na yi aikin soja, furanni na ga suna ajiyewa, su bushe cikin mako. Namu na daɗewa.

Ina rumfar makoki tare da maza, yayata, wadda ta sauko daga ƙauyenmu na kan dutse, ta shiga ɗakin yarinyar neman abin da za a ɗora mata. Da na shigo cikin gida na tarar da kwalaben a kife suna tsanewa.

"Ƙanena," ta ce mini da yarenmu na C'lela, "kunu ta bari ya lalace a ciki. Na wanke mata da toka tas, kada a ce 'yarmu ƙazama ce."

Ina jin C'lela da Hausa da Turanci, har da ɗan Larabcin Labanan. Idonta a kumbure yake da kuka. A duk harsunan nan, abin da na ce mata kawai shi ne ta kyauta.

Kwalaben suna can jere a kan kabarin, damina na cika su da ruwa. Har yanzu in aka ɗauke wuta, sai na miƙe kafin in tuna.