Hoton Gobarau da Baba bai gani ba

Wata takwas ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambayar ko lafiya, na ga saƙonninku. Ba lafiya ba ce, kuma yau zan faɗa.

Tun ina yaro a ƙauyenmu na ƙasar Bagwai, Habu Shiririta ake ce mini. A aike ni sayen gishiri, in dawo da labarin faɗan zakaru. In yar da fartanya a tsakiyar kunya, in rasa inda take. Na sha bulala a makaranta, na sha a gida. An ba ni rubutu, an yi mini ruƙiyya sau biyu wai ko iska ce. Babu wanda ya taɓa cewa ciwo ne, ni ma na yarda lalacewa ce kawai.

Haka na girma, na yi aure, na zama malamin firamare mai manta rajista a gida.

Bara likita ya ce Baba na da hawan jinin ido, ganinsa na tafiya kuma ba zai dawo ba. Da ƙuruciyarsa ya yi cirani a Katsina, yana ɗinkin hula kusa da Gobarau, tsohuwar hasumiyar nan ta ginin ƙasa. Yanzu jikinsa ba ya jure doguwar mota. Ya ce, "Habu, kai mai waya, je ka ɗauko mini hotonta tun daga gindi har sama. In gan ta kafin idon ya rufe."

Abu ɗaya ke nan da ya taɓa roƙona a rayuwarsa.

Na je. Ina isa na hango matakala, kafin in ankara ina sama. Wallahi na ji daɗin wurin. Na ɗauki rufin gidaje, na ɗauki tantabaru, na ɗauki tsagewar bango da ƙadangare a ciki. Da na sauko na biye wa wani mai gyaran keke da hira har waya ta mutu, ga caja na baro a gida. Na hau mota ina murna, hotuna sun fi ɗari.

Washegari a zaure Baba ya kara wayar daf da fuskarsa, ina wuce masa ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "To, ina hasumiyar?"

Na koma farko, na sake bi har ƙarshe. Babu. Na ɗauki komai daga kanta, ita ban ɗauke ta ba.

Ya miƙo mini wayar. "Ba komai. Laifina ne da na aike ka."

Da bulala ya ɗauko da ya fi mini sauƙi.

Na rantse zan koma ranar Asabar. Asabar ta zo na manta, wata ta zo na makara, wata kuma na tsaya gyaran rediyon da ba wanda ya sa ni. Kullum abin na raina, amma tashin ya gagara. Wata biyar. Kafin damina ta tsaya idon Baba ya rufe.

Na daina cin abinci, na daina shiga mutane. Matata Hauwa ce ta ce, "Malam, wanda bai damu ba ba ya ramewa haka. Mu je asibiti."

Aka tura ni sashen ƙwaƙwalwa a Kano. Na zauna a layi da kati a hannu, na ja hula har gira, tsorona kar wani ɗan garinmu ya gan ni a ce Habu ya haukace. Aka auna jini da nauyi, aka ba ni takarda cike da tambayoyi. Likitar da ta duba ni ta ce in zo da wanda ya san yarintata. Na zo da yayata Talatu. Ta fara ba da labaraina tana dariya, da ta ga likita na rubutawa sai dariyar ta ɗauke.

A zuwa na uku likitar ta ce, "ADHD ake kiran larurar nan. Ƙwaƙwalwarka ce ba ta iya riƙe hankali wuri guda, kuma tun kana yaro take tare da kai. Ba iska ba ce, ba rashin tarbiyya ba ne."

Ban yi murna ba, haushi na ji. Shekara talatin da shida ana zagina, ina taya su.

Maganin da tsada, sai da bunsuruna ya tafi kasuwa. Makonnin farko bakina ya bushe, abinci ya fita raina, har aka rage mini yawan maganin. An koya mini rubuta aiki ɗaya a takarda da saita ƙararrawa a waya. Ba warkewa ake yi ɗungurungum ba, lallaɓawa ake yi, amma rajista ta daina kwana a gida.

Watan jiya na koma Katsina. Na rubuta a tafin hannuna da biro: gindi har sama. Ban taka matakala ba sai da na ɗauka.

Baba ya karɓi wayar yana shafa gilashin da babban yatsa. Ya ce, "Faɗa mini yadda take." Na faɗa masa komai, har ƙadangaren, domin idona ba ya barin komai ya wuce. Sannan ya ce, "Dukan da na yi maka, ka yafe mini." Na ce na yafe. Har yanzu ina roƙon Allah ya sa zuciyata ta bi bakina.

Na gode wa Allah. Hauwa, Yaya Talatu, da likitar da ta saurare ni ba ta yi dariya ba, Allah ya saka muku.

Iyaye da 'yan'uwana malamai, yaron da ke manta aike kullum, ya kasa zama wuri ɗaya duk da duka, ku ajiye bulala ku kai shi asibiti. Ku tafi da wanda ya san shi sosai. Kar ku sayi magani a kemis da ka, kuma kar ku daina sha ba da sanin likita ba. Babba ma yana iya zuwa, kar kunya ta hana ku.

Hoton ya yi kyau sosai, tun daga gindi har sama. Kowa a gidanmu ya gani, ban da wanda ya aike ni.