Saƙon Da Ban Aika Ba

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karanta wannan shafi. A lokacin da abin da za ni ba ku labari ya faru, ni malamin firamare ne a Sabon Birni, da matata da 'ya'yanmu ƙanana, kuma ba a san ni da rigima ba. Mahaifina Bagobiri ne manomin gero, mahaifiyata kuma Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Tsamaye. Na tashi da harshe biyu a baki, kuma har na girma ban taɓa jin wani ya kira hakan aibi ba. Inna ba ta jin daɗin hira da Hausa, don haka duk ranar da na kira ta a waya da Fillanci muke gaisawa, ina zaune a ƙofar gida, kowa na ji.

Ina da kwamfuta ta tebur a ɗakin zaure, da firinta, da faifan sola a kan rufi. In na taso daga makaranta sai in buɗe zauren. Mai neman hoton fasfo ya zo in ɗauke shi in wanke mishi, mai katin ɗaurin aure ya zo, mai takardar neman aiki ya zo. Da haka hotunan mutanen unguwarmu suka taru a cikinta, manya da yara, maza da mata. Wata rana na ga tallar wata manhaja ta gyaran hoto, wai kyauta ce. Da na zo saka ta, manhajar tsaro da ke cikin kwamfutar ta hana, ta yi ta fito da gargaɗi. Ni kuwa ina sauri, sai na kashe tsaron na saka abata. Daga ranar kwamfutar ta canza hali. Ta yi nauyi, shafuka suna buɗe kansu, data tana ƙarewa ban san inda ta tafi ba. Na lura da duk wannan, amma na ce in an yi hutu za ni duba.

Ashe bairos, wato cutar na'ura, ya shigo tare da manhajar, ya kwashe kalmomin sirrina. Shafina na sada zumunta ya fara aika wa mutane saƙo da sunana, ba da sanina ba. Saƙon gajere ne da Turanci, ma'anarsa wai kai ne a cikin wannan hoton? A ƙasansa kuma ga wurin latsawa. Wasu malamai abokan aikina suka tambaye ni, na ce musu kuskuren na'ura ne, muka yi dariya. Ban kawo komai a raina ba.

Kun san halin da yankinmu ke ciki. A wannan tsakanin ne 'yan bindiga suka tare wata mota a hanyar kasuwar Bafarawa, suka shiga daji da mutanen da ke ciki. A cikinsu akwai wani Alhaji mai sayar da hatsi, mutumin unguwarmu, wanda na taɓa yi wa hoton fasfo. Ya bar wayarsa a gida ranar. Ƙanensa yana dubawa sai ya ga saƙon nan daga gare ni, ya kai wa wani ya fassara mishi. Kafin la'asar magana ta zaga gari, kuma ta canza kama. Aka ce na tura wa Alhaji hotonsa in tabbatar shi ne kafin in miƙa shi ga 'yan bindigar. Duk wanda ya taɓa samun saƙon ya fito da wayarsa yana nunawa, yana cewa ashe shi ma yana cikin layi. Aka tuna cewa hotunan kowa na wurina. Aka tuna cewa ina magana da Fillanci a waya. Kalmar da aka liƙa mini ita ce infoma, wato mai kai wa 'yan daji rahoto, kuma a wurinmu wanda aka kira da wannan suna bai cika kwana da rai ba.

Ba wanda ya tare ni da maganar a fuska. A masallaci na tsaya a sahu sai na ji babu kafaɗa a damana, babu a haguna. Matata ta je ɗiban ruwa a famfo, mata suka janye jarkokinsu suka bar ta ita kaɗai, wata ta tofar da yawu a gabanta. 'Yata ta dawo daga makaranta tana tambayata mene ne infoma. Akwai maƙwabcina, aminina tun muna yara, wanda muke cin tuwo a kwano ɗaya. Na je ƙofar gidansa na yi sallama, ina jin muryarsa a ciki, aka aiko a ce mini ba ya nan.

Matata ta ba ni shawara in ɗauki kwamfutar yadda take in kai wa mai unguwa, a kira wanda ya san na'ura a buɗe ta a gaban dattawa, kowa ya ga ciwon da idonsa. Ban saurare ta ba. Abin da ke raina kawai shi ne saƙon ya daina fita, don kowace safiya sai wani sabon mutum ya same shi. Na san wani mai gyara a Isa. Da hantsi na naɗe kwamfutar da tsohon bargo, na ɗaure ta a bayan babur, na kama hanya ban gaya wa kowa ba sai matata.

Mai gyaran mutum ne mai natsuwa. Ya cire ma'ajiyar kwamfutar ya haɗa da tasa na'urar ya bincika, ya juyo da allon ya nuna mini jerin jajayen rubutu. Ya ce ga manhajar da na saka, ga abin da ta shigo da shi, ga wanda ke kwafe duk abin da na rubuta yana aikawa waje. Ya ce ba ni kaɗai ba ne, kuma masu yin abin ba su san ni ba, ba su ma san akwai gari mai suna Sabon Birni ba. Sannan ya ba ni zaɓi. Ko in bar mishi ita ya bi a hankali ya tsince cutar, kayana su tsira, amma sai na kwana a Isa. Ko kuwa ya goge komai ya zuba sabo, in tafi da ita a ranar. Na tuna iyalina su kaɗai a gida, na tuna ba a bin hanyar nan da yamma. Na ce ya goge. Ya sake tambayata ko na tabbata, na ce ya goge har ƙasa, kada ya bar ko hoto ɗaya. Ya goge, ya saka sabon tsaro, ya sa na canza kalmomin sirrina, ya fitar da duk wata na'ura da ta shiga shafina. Na hau babur ina jin an sauke mini kaya. Ban ɗauki hoton jajayen rubutun nan ba, ban nemi ya rubuta mini ko layi ɗaya ba.

A bakin gari 'yan sa-kai suka tare ni. Tun fitata aka kai musu labari wai na gudu da na'urar. Suka sauke ni, suka ɗaure mini hannu ta baya da igiyar da na ɗaure kwamfutar, suka tasa ni gaba zuwa wani fili kusa da kasuwa. Mutane suka taru kamar ranar idi. Aka jawo janareto, aka kawo allo daga wani shago, aka kunna kwamfutar. Kwamandansu ya sa wani ya buɗe ma'ajiyar hotuna. Babu komai. Aka buɗe ta takardu. Babu komai. Wani ya ɗaga murya ya ce ai ga shi nan, ya je ya wanke ta. Na yi ta bayani a kan bairos, ba wanda ke ji. Na roƙe su su kira mai gyaran, na ba su lambarsa. Kwamandan ya kira, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Kai ne ka goge kwamfutar malamin ga?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Cuta ce ta shige ta, irin wadda..."

"Ba wa'azi na tambaye ka ba. Wa ya ce a goge?"

Mai gyaran ya ce, "Shi ya ce. Na ce ya bar ta in tsince cutar, ya ce a'a, in goge har ƙasa, kar in bar ko hoto ɗaya."

Bai yi ƙarya ba ko kaɗan. Kwamandan ya kashe wayar.

Daga nan aka juya ga aminina, wanda na hango a cikin taron yana sunkuyar da kai. Aka tambaye shi, tunda katangarmu ɗaya, me ya sani. Ya ce shi dai yana jin ina waya da Fillanci, kuma shi ba ya jin Fillanci. Alhali ya san da wa nake magana. Ya sha nonon da Inna ke aiko mini, ya sha durƙusawa ya gaishe ta. Na kira shi da sunan da muke kiran juna tun ƙuruciya, na ce ya gaya musu uwata ce. Bai ɗago kai ba.

Abin da ya biyo baya ba za ni iya rubuta shi duka ba. Sun kwance ni suka ɗora mini kwamfutar a ka, suka zaga da ni cikin kasuwa ana dukana da bulala, in na yi tuntuɓe a ƙara mini. Na ga iyayen yaran da nake koyarwa, na ga mutanen da na buga wa katin aure, wasu na jifa, wasu na ɗaukata a waya. Da muka dawo filin suka farfasa ta da gora a gabana. Sannan wani ya ce a nuna hannun da ke aika saƙo. Suka shimfiɗa hannuna na dama a kan benci. Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Ana maganar a fita da ni bayan gari ne wani tsohon limami ya ratso taron da sandarsa, ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya ce duk wanda zai tafi da ni sai ya fara ɗaga shi. Bai ce ba ni da laifi ba, ya ce dai a miƙa ni ga hukuma. Zamansa ne ya riƙe su har jami'an tsaro suka iso.

Na jima a tsare, hannuna ya kumbura ya haɗe a karkace kafin a bar mai ɗori ya gan shi. Masu bincike suka je Isa, suka duba shafina, suka gano daga wata ƙasa ake aika saƙon, suka sake ni. Amma ba a tara kasuwa an sanar da haka ba. Na tarar an ɓalle ƙofar zaurena, an kwashe sola da firinta, matata da yara suna gidan iyayenta. Bayan wani lokaci Allah ya kuɓutar da Alhaji mai hatsi. Ya faɗa da bakinsa cewa waɗanda suka kama su ba su san ko sunansa ba, mota suka tare suka kwashi na ciki. Mutane suka ce Allah ya kyauta, suka ci gaba da harkokinsu. Ba wanda ya tako ƙofata. Iyaye kuma suka ce ba su yarda in koma aji da 'ya'yansu ba, wai ko ba komai an riga an faɗa.

Mun tattara mun koma Sakkwato. Yatsuna uku ba sa lanƙwasuwa, da hagu na koyi riƙe alli, da hagu nake rubuto muku wannan. Inna ta rasu tana ganin harshenta ne ya jawo mini, duk da rantsuwar da na yi ta yi mata. A watanninta na ƙarshe in na kira ta sai ta amsa mini da gurguwar Hausarta, ta ce kar wani ya ji. Kwanakin baya aminin nan nawa ya aiko mini da saƙon murya. Ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, ya ce mahaifinsa ya rasu, ko ina da sauran hoton tsohon da na taɓa ɗauka, suna son su wanke babba su rataye. Na saurara har ƙarshe, na yi wa mamacin addu'a, ban ba da amsa ba.

'Yan'uwa masu karatu, in na'urarku ta yi gargaɗi kada ku kashe gargaɗin don kuna sauri, kuma kada ku saka abin da ba ku san asalinsa ba don an ce kyauta ne. In kun ga ta canza hali, ku cire ta daga intanet a ranar, ku canza kalmomin sirri, ku gaya wa mutanenku a fili cewa duk saƙon da ya zo da sunanku ba naku ba ne. In kuma zargi ya riga ya hau kanku, kada ku goge komai sai shaidu sun gani, domin ni da bakina na sa aka share abin da zai wanke ni. Ku kuma da ke tsayawa a cikin taro ana dukan mutum, ku tambayi kanku me kuka gani da idonku. Waɗanda suka karya mini hannu tsoro ne ya cika su, na san wannan, ni ma a cikin tsoron nake rayuwa tare da su. Amma ranar ba ɗan bindiga ko ɗaya a filin nan. Duk fuskar da na ɗaga kai na gani, na santa, kuma ta san ni.