Kawu Isuhu da Mutuwar Jauro

Duk wanda ya zauna a Tiga ya san Kawu Isuhu, ƙanen mahaifiyata, da tsohon babur ɗinsa. Yana tafe yana magana da murya biyu, ya yi tambaya da muryar tsoho, ya ba kansa amsa da ta mace. Baƙi sukan ɗauka taɓin hankali ne. Mu kuwa mun san aiki yake yi, don tun da ya yi ritaya daga aikin ruwa ya ce shi fa marubucin fim ne. Ni ce mai buga masa rubutun a waya. Labari ɗaya ya sa a gaba, na wani tsohon makiyayi mai suna Jauro, wanda 'ya'yansa suka tafi birni suka bar shi da shanu.

Wata safiya na iske shi a ƙofar gida kan tabarma, ido jawur, maƙwabta sun kewaye shi ana ta addu'a. Bayan an shafa, liman ya ce, "Malam Isuhu, wa aka rasa?"

"Hansai, matar Jauro. Jiya bayan la'asar."

"Allah ya jiƙanta. A wace ruga take?"

"A tsakiyar fim."

Liman ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce a dawo masa da addu'arsa.

Da ya kai rubutun wurin wani darakta a Kano, aka ce masa surutu ya yi yawa, fim nunawa ake yi. Na zaci zai yi fushi, ashe karatu ya ɗauka. Ranar kasuwar Tudun Wada ya toshe kunnuwansa da auduga ya shiga kara, inda ake sayar da shanu, wai zai koyi fahimtar mutane ba tare da jin maganarsu ba. Wani sa ya tsinke igiya ya biyo shi, jama'a na ta ihu, Kawu bai ji ba sai da ya tsinci kansa a kwata. Ya tashi yana ɗingishi, ya nuna dillalai da yatsa.

"Kun ga fuskokinku? To haka nake so a yi."

Ya dawo ya sa na goge rabin maganganun, kuma wallahi labarin ya fi kyau nesa ba kusa ba. Daraktan ya ce zai ɗauka, saura kawai fitowar ƙarshe, inda Jauro zai mutu. Nan fa aka tsaya. Da damina Kawu ya ce, "Yanzu? Wa zai nome masa gero?" Da kaka ya ce saniyar Jauro na da ciki, a bari ta haihu. Daraktan ya fara daina ɗaga waya. Na ji haushi ƙwarai, na ce, "Kawu, burinka fa zai tafi a banza."

Sai ya ce, "Binta, ban san yadda ake mutuwa ba. Ba zan yi wa bawan Allahn nan ƙarya ba."

Bara ciwo ya kwantar da shi. Wata azahar ya aika a kira ni, ya ce in ɗauko waya. Muryarsa da kyar take fita.

"Rubuta. Babu doguwar wasiyya, babu kiɗa. Jauro zai tambaya ko an shayar da maruƙa. A ce masa an shayar. Sai ya juya gabas, ya yi salati. Kada ɗan wasan ya nuna tsoro, gajiya ce kawai, irin ta wanda ya dawo daga kiwo."

Na ajiye wayar na ce, "Kawu, yanzu ka sani ke nan?"

"Yanzu na sani."

Bai kai Juma'a ba. Har yau in na karanta wannan fitowa tsigar jikina tashi take yi, ban taɓa ganin mutumin da ya riƙi gaskiya a aikinsa haka ba. Allah ya jiƙan Kawu Isuhu, ya haskaka makwancinsa, ya sa ya huta.