Mai Riƙe Kofi Bai Sha Ba

Ni ban taɓa taka sinima ba, amma labarin fina-finan 'yan leƙen asiri na sha shi har ya gundure ni. Maigidana tela ne a unguwar Briqueterie, cikin birnin Yaoundé. Wata rana da tsakar rana wasu mutane suka zo da mota suka ɗauke ƙanensa a bakin shago, ba su ce wa kowa uffan ba. Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ba a tambayar dalili da ƙarfi. Tun daga nan Malam ya tsiri zuwa sinima duk Lahadi bayan azahar.

Faransancinsa bai wuce na ciniki ba, don haka ba maganar fim yake bi ba, ido yake zubawa. Fim ɗaya sai ya yi ta maimaita shi har a canza. Ya dawo ina tuƙin tuwo, ya tsuguna a ƙofar madafi.

"Kin san yadda ake gane mai kai rahoto? A ba shi shayi, ya riƙe kofi, ba zai sha ba. Kunnensa na wani wuri."

"To, Malam. Ga buta can, magariba ta kawo jiki."

Wani makon ya ce takalmi ne alamar: duk wanda nasa ke sheƙi a jar lakar Yaoundé, mota ce ta sauke shi. Sannu a hankali ya fara gwada mutanen unguwa da abin da ya gano. Ya daina zama wurin mai tsire. Maƙwabcinmu, wanda shi ya raɗa wa ɗiyarmu suna, ya bar shayi ya huce wata safiya, shi ke nan Malam ya daina amsa gaisuwarsa. Masu kawo ɗinki suka ja baya. Da farko ina musu da shi, daga baya na bari, bakina ya gaji.

Sai da damina ta zagayo aka sako ƙanen nasa, ya rame, haƙoransa na gaba babu. Bayan ya ci abinci Malam ya matsa kusa da shi.

"Wa ya kai ka?"

"Yaya, ba wanda ya kai ni. Wani suke nema, ɗan Mokolo mai irin sunana. Tun da wuri suka gane, ba dai wanda ya damu ya buɗe mini ƙofa."

Malam ya ce, "Haka suka ce ka faɗa."

Ƙanen ya dube ni. Na kwashe kwanuka na fita.

Lahadi na zuwa Malam ya sa hula ya tafi sinima. Ƙanen ne ya hau keken ɗinki, da kuɗin ɗinkinsa muka ci gaba da cin abinci. Ni kuma na dafa dambu na kai wa matar maƙwabcinmu, na ba ta haƙuri. Ta karɓa, ta yi godiya, amma a tsaye muka gaisa, ba ta shimfiɗa mini tabarma ba.